Takardar Gwajin Baba Kwafi

Rigimar da Baba Kwafi ya fi shan kashi a cikinta, da mai gyaɗa aka yi ta. Shagonsa na fotokwafi yana daura da ofisoshin gwamnati, ita kuwa a bakin ƙofarsa take aje tirenta. Ta roƙi takardun da suka lalace don ta riƙa ƙunshe gyaɗa, gogan naku ya ce sai dai ta riƙa ba shi ƙunshi ɗaya kullum.

"Da waɗanne haƙoran za ka tauna?" in ji ta. "Uku ne a bakinka, biyu ma sun ɗaure kayansu."

"Takarda dai tawa ce."

"Shara dai taka ce. Ni da zan kwashe maka, ai kai ya kamata ka sallame ni."

Masu layi suka fashe da dariya. Tun daga ranar kyauta take kwashe kwalin lalatattun takardun, shi kuma in kwaɗayi ya motsa sai ya sayi gyaɗa a naɗe cikin takardarsa, ya zauna yana tsotsa.

Gajere ne, tabaronsa ɗaure da zare, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada. Da inji yake faɗa kamar jaki ya ƙi tafiya. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yarsu Auta tana shekara tara, a ƙarƙashin teburin shagon nan ta girma, a takardun mutane ta koyi haɗa baƙi. Da ta zama nas, sai da titin gaba ɗaya ya gaji da ji. Ko mai neman canji ya leƙo, sai ya tafi da labarin.

To, kowane mai inji yana gwada shi da safe, ya ga ko tawada ta kama. Wasu tsohuwar jarida suke ɗorawa. Baba Kwafi kuwa takardar shaidar aikin Auta yake shimfiɗawa a gilashi, ya ɗora katin shaidarta a gefe, wai hoto ne ke nuna lafiyar tawada. Ƙarya yake, fuskarta yake son gani. Takarda ta fito da ɗuminta, ya ce, "Ina kwana, Nas," ya nuna wa wanda ya fara shigowa, ya jefa a kwali. Shekara uku ana haka. Sunanta, lambar rajistarta, ranar haihuwarta, sunan ubanta, duk suna yawo a tasha da gyaɗa a ciki.

Ranar wata Talata 'yan sanda suka je asibiti suka tafi da Auta cikin farin kayanta. Ashe a wani gari mai nisa wata mata ta buɗe ɗakin shan magani, ta rataye takardar shaida mai sunan Auta da lambarta, hoton kawai aka sauya. Ta yi wa wata yarinya 'yar shekara huɗu allura, yarinyar ba ta tashi ba. Matar ta gudu, ta bar sunan a bango.

Kwana huɗu Auta ta yi a tsare. Hukuma ta dakatar da ita daga aiki. Maƙwabtan da ke sallama da sassafe a auna musu jini suka koma janye 'ya'yansu in ta wuce. A aljihun teburin matar kuma aka tsinci kwafin da aka kwaikwaya, duk alamun naɗi, da tabon mai a tsakiya, da wani siririn layi a gefen hagu. Auta ta san layin nan, injin ubanta kaɗai ke yin sa.

Ta zo shago, ba ta zauna ba. Ta aje hoton takardar a kan gilashi.

"Baba, gyaɗar nawa aka ƙunsa da ni?"

Ta juya ta fita, ba ta sake taka shagon ba.

Daga nan ya zama wani mutum. Ya samo tsohon gwangwanin fenti, duk takardar da ta lalace a gaban mai ita yake ƙona ta. Kowane kwafin kati sai ya ja layi biyu a kai, ya rubuta abin da aka yi shi dominsa da kwanan wata. Wanda ya kawo katin wani kuwa, ko na uwarsa ne, sai mai katin ya zo. Mutane suka ce tsufa ya taɓa shi, rabinsu suka koma shagon gaba. Ya rame har tabaron ya yi masa yawa. Da safe farar takarda yake ɗorawa, ta fito fara, ya tsaya yana kallonta.

Sai da aka shekara biyu kafin a kama matar, a wanke Auta. Aka ce ta kawo kwafin takardunta kafin a tashi daga ofis ranar Juma'a, a mayar da ita aiki. Ranar babu wuta, kuma duk titin shi kaɗai janaretansa ke aiki. Sai ga mijin Auta ya shigo da ambulan ɗin takardu a hannu, ya durƙusa ya gaishe shi.

Baba Kwafi ya zaro takardar. Ya duba sunan da ke jiki. Ya mayar da ita ciki.

"Ina mai ita?"

"Tana mota, Baba, can tsallake. Ta ce in yi sauri."

"Sai ta zo."

"Baba, saura rabin awa a rufe ofis. Ni ne fa mijinta."

"Na sani, ni na ba ka ita. Sunanka ne a jiki?"

Masu layi suka fara guna-guni. Wata ta ce, "Haba tsoho, wannan kuma ai mugunta ce." Surukin ya sassauta murya, idonsa a ƙasa.

"Don Allah, Baba. Shekara biyu tana zaune. Kai ma ka san takardar 'yarka ce."

Baba Kwafi ya cire tabaro ya goge ido da bakin riga, yana duban motar da ke tsallaken titi.

"Waccan ma da ta yi allurar cewa ta yi 'yata ce. Je ka ce wa mai sunan ta zo da fuskarta in gani."