Bango Kaɗai Aka Biya

Talata ce. Ƙarfe bakwai na safe ina shan kunu a ƙofar ɗaki, ina tsokanar matata Rabi wai kununta bai kai na Maraɗi ba. Ta ce in koma can in sha. Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, daga Kwatano har Agadas ba inda ban kwana ba. Gidan haya muke bayan kasuwar Katako, ɗaki shida, zaure cike da katakon wani maƙwabcinmu.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata muka ji ihu. "Zay! Zay!" Ɓarawo ke nan da Zabarmanci. Wani ya saci moto, wato babur, an biyo shi. Ya diro ta katangarmu, ya shige bayi. Sai ƙarar duwatsu kan kwanon rufi. Sai warin isansi, wato fetur.

"Ku fito da shi!"

Wani ya cinna wa taya wuta, ya jefo zaure, wai hayaƙi ya koro shi. Katakon maƙwabcin ya kama.

Zaure ne kaɗai hanyar fita. Na ɗora Rabi kan turmi, ta haye katangar baya. Na miƙa mata 'yarmu Nana. Na juya. Keken ɗinkin Rabi na ɗaki, shi ke riƙe gidan in ina kan hanya.

"Baban Nana! Kar ka koma!"

Ban koma ba, na haye ni ma. Muka bi lungu ba takalmi, har unguwar Yantala, gidan yayarta. Ƙarfe ɗaya muka isa. Sai can na ga hannuna ya ƙone. Ɓarawon kuwa, aka ce, tuni ya tsere.

Bayan kwana uku na tarar da Alhaji mai gidan da wani mutumin asiransi, wato inshora, suna auna bango. Na tsaya gefe da ɗan murmushina, ina jira a zo kaina. Mutumin ya ce takardar Alhaji ta gini ce kawai. Kayan ɗaki, ɗan haya ke yi musu tasu takardar. Ni da ko Dosso ba na zuwa sai asiransin motar wani na aljihuna, ban taɓa jin ana yi wa ɗaki ba.

An sake ginin. Wasu ke ciki yanzu.

Mun bar wa wuta gado da katifa biyu. Bargon da na sayo a Agadas. Littattafan lakwal na Nana, na makarantar boko. Har yau in an kawo wa Rabi atamfa, sai ta karɓa, ta shafa, ta tambayi irin ɗinkin. Sannan ta tuna, ta mayar.