Takardar Inshorar da Na Sayar wa Haladu

Ni mutumin Kiru ne. Kafin in lalace, akawun bakin tasha ne ni a Tudun Wada. Ina da tebur da tafireta a gindin darbejiya, ina buga wa mutane wasiƙa da takardar cinikin gona. Abin da nake samu yana riƙe ni da matata, har in aika wa tsohuwata da gero.

A farkon shekarun tamanin wani wakilin kamfanin inshora daga Kano ya ba ni littafin takardunsu, in riƙa cike wa direbobi yana ba ni lada. Shi ya bayyana mini amfanin takardar: in mota ta yi haɗari fasinja ya ji rauni, kamfani ne zai ɗauki nauyin asibiti. Direbobi kuwa ba ruwansu da wannan, su dai su sami abin miƙa wa ɗan sanda a shinge.

Wata rana littafin ya ƙare, ga direba yana sauri. Na buga masa wata da tafiretata, na ƙaga lamba, na zura kuɗin a aljihu. Ba abin da ya faru. Bayan sati biyu na je Kano aka sassaƙa mini hatimi irin na kamfanin. Shekara huɗu ina sayar da ta bogi.

Cikin duk direbobin, mutum ɗaya ne ya taɓa yi mini tambaya, Haladu, wani mai fijo ɗan Ƙafin Maiyaki. Ya juya takardar ya ce, "Malam akawu, in tsautsayi ya faɗa, wannan za ta yi aiki?" Na ce kada ma ya yi shakka.

Da damina tayarsa ta gaba ta fashe a dajin Falgore. Motar ta wuntsila sau uku ta daki bishiya. Mace ɗaya ta cika nan take. Malam Zakari, wani malamin allo daga Riruwai, ƙafarsa ta maƙale a ƙarƙashin kujera, sai da aka sare ƙarfe da gatari aka zaro shi. Na gan shi da aka biyo da shi ta tasharmu a bayan akori-kura, ƙashin ƙwabrinsa a waje, yana ta salati.

Likita a Kano ya ce za a iya ceto ƙafar in aka yi aiki da wuri aka sa ƙarfe, amma sai an biya kuɗin aikin. Haladu ya zo wurina da bandeji a ka, ya ce, "To, ga ranar takardarmu ta zo." Na ce zan rubuta wa kamfani. Kullum ya zo in ce manaja ya yi tafiya, ko a dawo jibi. Kwana tara ina masa haka. Ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta daga cinya.

Sai Haladu ya tafi ofishin kamfanin da kansa. Suka duba suka ce ba su san wannan lambar ba.

Da hantsi ya iso tasha, ya ajiye takardar a kan teburina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka faɗa mini gaskiya ranar farko, da na sayar da gonata an yi wa Malam aiki." Ya riƙe wuyan rigata ya ce mu je wurin 'yan sanda. Kusa da ni akwai mai faci. Na sunkuya na ɗauki ƙarfen kwance taya na kwaɗa masa a gefen kai. Ya durƙusa, na ƙara masa. Jini ya riƙa fita ta kunnensa.

Direbobi suka rufe ni, kusan kowannensu da takardata a motarsa. Suka dake ni da bel da itacen mai shayi, haƙorana huɗu suka zube. Wani ya shimfiɗa hannuna na dama a kan tebur, ya ɗaga tafiretar ya doka a kan yatsuna. Aka rataya mini taya a wuya, na ji sanyin fetur yana gangarowa ta bayana. Shugaban tasha, wani dattijo, ya faɗo kaina ya rungume ni ya ce, "Sai dai ku ƙona mu tare." Haka ya riƙe ni har 'yan sanda suka zo.

Alƙali ya ɗaure ni shekara bakwai. Ina ciki tsohuwata ta rasu, matata ta nemi takardar saki na ba ta.

Da na fito, Riruwai na fara zuwa. Na tarar da Malam Zakari a zaure yana biya wa ɗalibai karatu, sanduna biyu a jingine a bango. Na faɗi ko ni wane ne. Ya ce, "Nawa na yafe tun ina asibiti. Amma hakkin Haladu ba a hannuna yake ba."

Na je Ƙafin Maiyaki. Haladu ya daina tuƙi, kunnensa ɗaya ya mutu, jiri na kayar da shi in ya daɗe a tsaye. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Na ji. Tashi ka tafi." Sau uku ina komawa, amsar ke nan. Bara ya rasu bai ce ya yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu albasa nake sayarwa a Kiru, da hannun hagu nake ba da canji. Ku matasa, ban fara da ƙarfe ba, da takarda ɗaya na fara, ina cewa ba wanda zai cutu. In an ba ku amanar hatimi ko sa hannu, ku sani ran wani na rataye a wurin. In kuma kun riga kun yi ƙaryar, ku faɗi gaskiya yau, tun ana iya ceto ƙafar.