Gaisuwar da Ta Rage wa Malam Ilu

Duk wanda ya taɓa sayen sa a kara, kasuwar shanu, ya san Malam Ilu na Sheshe, dillalin da bakinsa ba ya hutawa. Kakansa ne ya shigo birni da garke. Garken ya ƙare, sanin shanu ya zauna a gidan. Ilu kan dafa gadon bayan saniya ya faɗi shekarunta da irin ciyawar da ta ci, ya tarar da mai saye da mai sayarwa suna hararar juna, ya sallame su suna dariya. Maganin hawan jini kuwa sai ranar da ya ga dama yake sha.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki. 'Yarsa Nana Hadiza, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta tsaya kai da fata sai da aka kai shi asibiti. A aji an koya mata cewa shanyewar ɓarin jiki iri-iri ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai wadda jijiyar ke fashewa jini ya malala, akwai kuma ƙarama mai zuwa ta wuce, gargaɗi ce kawai. Hoton kai ya nuna ta Baba toshewa ce, a ɓangaren hagu, inda magana take. Shi ya sa dama ta mutu, kalmomi kuma suka ƙi fitowa, alhali yana jin duk abin da ake faɗa.

Sai dai ciwon ya bar masa abu guda, kuma shi ne ya hana Hadiza sakat. Abin da harshe ya saba tun yarinta bai tafi ba. Gaisuwa tana fita sumul, salati ma haka.

To, mutanen birni da dubiya ba a magana. Da aka sallamo shi gida, zaure ya cika, takalma har bakin kwata. Kowa ya durƙusa ya ce, "Malam, ya jiki?" Ilu ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." A ce, "Allah ya ƙara afuwa." Ya ce, "Amin, amin." Shi ke nan, a miƙe a fita ana cewa ai Malam ya warware, har hira aka sha. Ba mai zama ya ga bayan tafiyarsu, lokacin da zai nuna kofin ruwa ya yi ta murɗa baki, gumi na keto masa, kalmar ruwa ta gagara. Hadiza ta yi bayani har ta gaji. Takaici ya ishe ta, don kowa gyaɗa kai yake yi irin na a rabu da yarinya.

Ranar wata Juma'a Baffa Musa, yayan Ilu kuma babban gidan, ya yanke hukunci a gaban 'yan dubiya. Ya ce jigilar kai Ilu wurin masu koya masa magana ta isa haka, wahalar da shi kawai ake yi a keken Adaidaita.

"Baffa, don Allah a yi haƙuri," in ji Hadiza daga bakin ƙofa. "Yanzu ne lokacin da ƙwaƙwalwar ke iya kamawa. In aka bari, sai ta yi wuya."

"Ke Hadiza, mutumin da yanzun nan muka gaisa da shi? Ko kunnen nawa ne ya shanye?"

Aka yi dariya. Ran Hadiza ya ɓaci, ta manta da wanda ke kishingiɗe yana saurare.

"Baffa, tambaye shi sunanka."

Baffa Musa ya gyara zama yana murmushi. "Ilu, wai wane ne ni?"

Ilu ya dube shi. Ya san shi sarai, idonsa ya nuna. Leɓɓansa suka motsa, jijiyar wuya ta tashi.

"Da sauƙi," in ji shi.

"A'a, sunana, Ilu."

"Alhamdulillahi." Ya bugi cinyarsa da hannun hagu, ya sake gwadawa. "Amin... amin."

Abokan kara, waɗanda suka yi shekaru suna rufe baki in ya buɗe nasa, suka sunkuyar da kai. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki suka nemi takalmansu. Baffa Musa ya ce a ci gaba da kai shi, shi da kansa zai riƙa raka su.

Hadiza ta samu abin da take nema, amma ko kaɗan ba ta ji daɗi ba. Da zauren ya watse ta kawo wa mahaifinta kunu, ta durƙusa gefen katifar.

"Baba, sannu. Ya jiki?"

Ilu ya dube ta, ya juya fuskarsa bango. Ta jira, ta sake gaishe shi. Daga ranar nan ko wa ya shigo dubiya, Malam Ilu bai ƙara amsa gaisuwa ba.