Bahagon da Muka Nema a Dabai

Yayata ba ta san "bari" ba. Tun muna yara, in ta kafe kan abu sai dai kai ka gaji. Shi ya sa ranar da Baba, ciwo ya riga ya zaunar da shi, ya ce burinsa ɗaya ne, ya taka gidan da aka haifi ubansa kafin ya mutu, na ce a raina shi ke nan, ni da mashin ɗina mun shiga uku.

Kakanmu soja ne. A bariki ya auri 'yar wani gari, ya rasu Baba bai yi wayo ba. Abin da ya bar mana sunan da muke amsawa, Dabai, sunan garinsu da ke kusa da Zuru. Sai abu biyu da kakarmu ta sani: bahago ne, kuma ya baro noman golmo bai ƙare ba ya shiga soja. Baba ya dawo Zuru ya tsufa, amma har gobe in aka ce masa ɗan bariki sai ya yini bai ci abinci ba.

Yaya ta ɗauka duk mai sunan nan jininmu ne. Haka na riƙa goya ta, kasuwa, tasha, majalisar 'yan fansho. Wani tsohon saje, shi ma Dabai yake amsawa, ya yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, wurin ɗaukar soja in ka faɗi garinku, shi za a liƙa maka. Ai rabin garin ne 'yan uwanki ke nan!"

Wallahi na ji haushi, na ce mu koma gida. Ita ko ko gezau. Ta gyara zama ta ce, "To Baba Saje, tunda suna ya haɗa mu, kai ma ka shiga neman."

Abin mamaki, ya shiga. Shi ne ma ya ce mu daina tambaya da suna, mu tambayi golmo. Golmo shi ne noman da samarin Dakarkari ke yi wa iyayen budurwa shekara da shekaru, ƙungiya guda, kuma wanda kuka sha rana ɗaya da shi ba ya mance ka. Saje ya gaya wa wata mai sayar da dawa, ita ma sunanmu ɗaya, ta gaya wa direban bas, magana ta yi ta tafiya. Mutanen nan ba su haɗa komai da mu ba, amma sai su kira Yaya su ce, "Ya jikin Babanmu?" Har yau in na tuna sai in ji sun ƙara girma a idona.

Bayan kaka direban ya zo da labarin wani tsoho tukuf a Dabai da ya yi golmo da bahago. Muka tallabi Baba zuwa mota. Tsohon na zaune kan turmi a ƙofar gida. Ya ce bahagon nasu kullum a kunyar ƙarshe suke sa shi, don kada garmarsa ta sari na kusa. Ya aika aka ɗauko wata tsohuwar garma daga gidan da ke kallon nasa, ya ajiye gaban Baba. Baba ya miƙa hannun hagu ya ɗauka, hannun da ya sha duka a kansa yana yaro.

Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Tashi ka shiga gidanku. Ƙanwar ubanka na ciki, ta gaji da tambayar sojoji labarinsa."

Yaya, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba, ta juya baya tana gyara ɗankwali. Na matsa zan tallabi Baba, ya ture hannuna. Da ƙafarsa ya shiga, yana dogara garmar.