Agogon Malam a Hannuna

Da agogon nan yana hannun Malam, da sun kira shi asibiti? Shekara huɗu ke nan ina wannan tambaya. Na yi wa likita, na yi wa limamin masallacin unguwarmu, na yi wa 'yata. Kowa ya ba ni abin da yake da shi, amma in na dawo ɗaki na zauna sai in tarar da ita tana nan inda na bar ta.

Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce take sa wannan a takarda, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo min ta ajiye biro ta jira.

Mun zo Makka ni da mijina muna da sauran ƙarfi, muka zauna a Misfala, a hawa na uku na wani tsohon gini. Malam nake ce masa tun ranar da aka kai ni gidansa. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, tana aure a Madina. Shi mai kula da sito ne a wani kamfanin gine-gine a Rusaifa. Motar kamfani ce take ɗaukarsa da safe ta dawo da shi bayan la'asar, tsakani kuwa yana kan kujera yana kallon siminti da rodi suna shiga suna fita. Ni ce mai ƙafa a gidan. Kusan kullum da hantsi nakan taka zuwa Harami in yi ɗawafi, in yi azahar, in dawo in ɗora girki.

Wata rana, a shekarun da ake aikin faɗaɗa Harami, ya dawo da wani baƙin abu a hannu kamar agogon yara.

Na ce, "Malam, wane yaro ka ƙwace wa?"

Ya ce, "Na mutanen tamin ne, Hajiya. Inshora. Yanzu ba sa so mu mutu."

Ya zauna ya yi min bayani. Kamfaninsu ya yi musu inshora irin wadda in mutum ya rasu ake ba iyalinsa wani abu. To wai hukuma ta yarda wa masu inshorar su riƙa yi wa mutum kyauta in yana kula da lafiyarsa. Agogon yana ƙirga taku, yana kuma jin bugun zuciya. Wanda ya cika takun da aka yanka masa har ƙarshen wata sai a ba shi takardar sayayya, a kuma liƙa sunansa a allon ofis.

Sati biyu ya yi yana fama. Bayan la'asar ya sauka ya zaga layinmu, ya dawo yana haki tun daga hawa na biyu, ya kalli agogon ya yi tsaki. Gwiwa yake cewa. Ni ma gwiwar na ɗauka, na riƙa shafa masa man zafi.

Ranar wata Asabar ina sa takalmi zan fita, sai ya bi ƙafata da kallo, ya kalli hannunsa, ya kwashe da dariya.

"Zo nan. Ke kullum kina zubar da taku a banza."

"A banza? Ɗawafin nawa?"

"Astagfirullah. Ladan ɗawafi naki ne, ba na so ko kaɗan. Takun kawai za ki ba ni aro."

Na ce masa wannan ai ha'inci ne. Ya ce mata da miji abu ɗaya ne, tukunya ɗaya muke ci, shinkafar da za a karɓo ma ni zan dafa ta. Ya ɗaura min, ya ja hannun abayata ya rufe. Ban ƙara musu ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don tunda muka zo ƙasar nan shi yake fita ya nemo, ni ban taɓa kawo ko riyal ɗaya gida ba.

Daga ranar na daina yin ɗawafi a ƙasa kusa da Ka'aba. Sai in hau bene, inda zagayen ya fi tsawo. Da yamma ya karɓi agogon ya ajiye kusa da wayarsa, lambobi su fito, ya karanta min yana kaɗa kai.

"Hajiya, yau har Mina kika je?"

Wata uku a jere sunansa ne a saman allo. Samarin wurin aikin, Misirawa da 'yan Bangaladesh, suka sa masa suna Barewa. Mudir ɗinsu, wato manaja, ya kira shi gaban kowa ya ce su yi koyi da wannan dattijo. Ya dawo yana kwaikwayon muryar mudir ɗin, muka yi ta dariya har shayi ya huce. Da takardar farko ya sayo min takalmi mai taushi, ya ce, "Dole a kula da taya." Har wata takarda suka aiko mai cewa zuciyarsa kamar ta ɗan shekara arba'in. Ya liƙa ta a jikin firji. Zuciyata ce, mu biyun mun sani, amma a lokacin abin dariya ne a wurinmu.

Ya rasu ranar Talata, wata na bakwai da fara sa min agogon. Na dawo bayan azahar na same shi a kan tabarma, ya jingina da bango, kofin shayinsa na gefe. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ciwo. Aka yi masa salla a Harami da la'asar, maza suka tafi da shi. Ni ban san inda kabarinsa yake ba, nan ba a sa alama.

A kwana na uku abokin aikinsa, wani Basudane, ya zo gaisuwa. Yana bakin ƙofa, ni ina bayan labule. Ya ce abin ya ba kowa mamaki, mutumin da ya fi su duka lafiya. Ya ce shi kam agogon ne ya cece shi. Wata mata daga wurin inshorar ta kira shi a waya ta ce bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, ya je mustashfa, wato asibiti, a duba shi. Ya je, aka yi masa aiki, ga shi a tsaye. Ya ce, "Ban san yadda aka yi na Malam bai nuna ba, ya Hajja." Agogon yana hannuna a lokacin, ƙarƙashin hijabi. Ban san ana kira ba. Ban sani ba ko Malam ya sani.

Ina cikin takaba na jefa agogon a aljihun durowa. Yana da wata ɗabi'a, in an daɗe ba a motsa ba sai ya yi kuka kaɗan, ɗirr. 'Yata ta koma Madina bayan sati biyu, gidan ya zama ni kaɗai, sai wannan ɗirr daga durowa. Kwana huɗu ya ƙara ya mutu shi ma. Na ji haushin shirun fiye da kukan.

Da na fita takaba na sa surukina ya kai ni ofishin masu inshorar. Na ajiye agogon a teburin wani ma'aikaci na faɗa masa komai, na ce in akwai abin da za su karɓe su karɓe. Ya kalle ni ya ce, "Ma'alesh, ya hala," wato ba komai, inna. Ya ce kyautar daban, haƙƙin iyali daban. Na ce ba wannan na zo tambaya ba, da yana hannunsa, da kun kira shi? Ya juya agogon a hannunsa, ya ce wani lokaci yana ganewa, wani lokaci ba ya ganewa. Liman kuma ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya. Na yarda, wallahi na yarda. Amma shi ma Basudanen da ajalinsa, kuma an kira shi.

Yanzu a ƙasa nake ɗawafi, in na iya zuwa. Takalmin yana nan, ya cinye ta gefe ɗaya. In na dawo babu wanda zai tambaye ni ko har Mina na je.

Safiyar Talatar da ya rasu, Malam bai tafi aiki ba. Ya ce ƙwannafi ne ya dame shi, wai ful ɗin jiya ne, dafaffen waken da muka ci. Na ga gumi a goshinsa ga kuma fanka tana juyawa. Na dafa masa shayi da na'ana'a, na ce yau ba zan fita ba. Ya ce in daina mayar da shi jariri. Na ɗauko agogon na miƙa masa, na ce to yau kai ka sa abinka. Ya karɓa, ya kamo hannuna, ya ɗaura min da kansa. Yatsunsa da sanyi, sai da ya yi sau biyu kafin maɗaurin ya shiga. Ya ja hannun abayata ya rufe kamar kullum, ya ɗan riƙe ni, sannan ya sake.

"Saura kwana uku wata ya cika, kada ki zubar min da suna. Je ki kafin rana ta yi zafi, Hajiya. Ki taka a hankali, ina nan."