Ɗakunan Iya Kande

Gidanmu yana daf da ƙofar yamma ta Birnin Gwari, inda fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke sauke kaya kafin su shiga daji. Gidan kakata ne, Iya Kande, wadda ta haifi babana. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da masaukin. Ɗakunan waje duk na baƙi ne. Wasu na fatake ne masu ɗan hutawa su wuce, wasu kuma na masu sana'a da ke zama shekara da shekaru, suna ba ta abin da aka yi jinga a kai idan an yi girbi.

A hannunta na tashi. Idan an ci tuwo an yi sallar lisha, takan tura itace cikin murhun tsakar gida ta miƙe ƙafafu, mu jikoki da 'ya'yan baƙi mu kewaye ta. Har yau ina jin warin wurin: hayaƙi, da kanwar fatake, da kashin jakai daga turke. A zaure maza na ta hira, wannan da Nufanci, wancan da Gwaranci, kowa na haɗawa da Hausa. Iya ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai dai ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyoyin Iya ba su cika namun daji ba. Kusan kowacce akwai ɗakin da ke yoyo a ciki. Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Jatau.

Jatau, in ji ta, ya gaji masauki a wurin ubansa. A ɗakin ƙurya akwai wani baduku mai suna Barmo, wanda ya daɗe a gidan har yara suna ce masa Baba. Ba shi da wani abin hannu. Amma ba a raba ɗakinsa da wuta, hayaƙi ya dafa jinkar ta yi baƙi ƙirin, ƙwaro ba ya iya zama. In ya ga tsaga a bango ya kwaɓa ƙasa ya liƙe. In ya ga layin gara ya kankare.

A nan Iya takan tsaya ta nuna ni da tsinken sakace. "Ke Ladi, me ake yi wa bango kafin ruwan farko?"

"Yaɓe, Iya."

"Rariya fa?"

"A fasa ta, kada ruwa ya kwanta a gindin katanga."

"Baƙo ya ce ɗakinsa na zuba?"

"A duba a ranar."

"To, ba gobe ba. Gobe tabarmarsa ta riga ta jiƙe, ya tsane ki."

Sai ta koma kan Jatau. Wata shekara da bazara wani madugu ya iso da babban ayari, yana neman ɗakin da ba ya danshi don tufafin da ya ɗauko. Aka zagaya gidan, ba wanda ya kai na Barmo bushewa. Jatau ya je ya same shi yana ɗinkin sirdi, ya ce ya kwashe kayansa.

"Maigida, ga hadari ya fara haɗuwa," in ji Barmo. "Ina zan nufa? Ka bar ni in ga bayan damina."

"Ɗakina ne ko naka?"

Barmo ya ajiye sirdin. Ya naɗe fatunsa, ya ɗauki basillarsa, ya fita ta ƙofar gari.

Madugu ya ɗan kwana biyu ya wuce. Jatau ya datse ɗakin, ya ce ya ajiye masa har ya dawo, ba mai shiga. Damina ta sauka. Ba wuta a ciki, gara ta hau bango ta shiga itatuwan rufi. Juji ya toshe rariyar bayan ɗakin, ba wanda ke bi ta can balle ya gani. Ruwa ya yi ta jiƙa gindin bangon. Shi kuwa bangon nan, ɗaya gefensa ɗakin Azumi ne, 'yar Jatau tilo. Ranar wata Alhamis da hantsi ana marka, tana zaune ciki tana kaɗi, bangon ya kwanto mata.

Duk sanda aka zo nan wani yaro sai ya tambaya, "Iya, ta tashi?"

"Ba ta tashi ba. Bango ne fa."

Ta ce Jatau ya bar gidan ya shiga bin kasuwanni yana cigiyar Barmo, wai ya roƙe shi ya dawo, har ya tsufa bai same shi ba. Daga nan ta kaɗe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarma, kowa ya nemi tasa." Kafin in shige takan riƙo hannuna. "Mai zama ya fi mai wucewa, kin ji ko? In kin sami wanda ke kula miki da ɗaki, kada ki sake shi don kowa. Kuma kada ki bar ɗaki ba mutum."

Na ji, na kuma riƙe. Da Iya ta rasu babana ya riga ta, baffannina suna gona a ƙauye, sai gidan ya faɗo hannuna da na maigidana. Mun yi duk yadda ta ce. Da rani a tsoma ɓawon ɗorawa a yi makuba a shafe bango. Turken jakai nesa da rijiya. Baƙo ya zo, a tambaye shi sana'arsa da wanda ya san shi a gari, a gaya masa ƙa'idar gida tun a zaure, don kada a yi rigima daga baya. Muna da wani masaƙi Banufe, Baba Ndagi, wanda tun zamanin Iya yake ɗakin kusa da zaure. Sau da yawa fatake sun nemi ɗakin nan, ban taɓa ko tunanin tayar da shi ba.

Sai mahaya suka fara fitowa daga yamma suna kama mutane suna sayarwa bayi. Da farko a ƙauyukan Gwarawa muke jin labari, daga baya a gonakin bayan ganuwa. Ayari ya ragu. Wanda ya zo ya ce 'yan'uwansa sun sake hanya, sun gwammace su yi zagaye da su ratsa dajinmu. Matar da ke gina tukwane a ɗakin kudu ta fita ɗebo yumɓu da 'yarta, ba su dawo ba. Maƙerin da ke zaune a gidanmu ya kwashe iyalinsa ya yi Zazzau. Ɗakuna suka koma ba kowa, ni ce nake bi da garwashi a kasko ina turara su ɗaya bayan ɗaya, ina share su kamar gobe wani zai sauka.

Jinka kuwa sai da ciyawa, ciyawa kuma tana daji. Da kaka ta yi, maigidana ya bi mazan unguwa yankan shuci, ciyawar jinka, kamar kowace shekara, sun tafi da yawa da kwari da baka. Da la'asar mutum biyu suka dawo a guje. Shi ba ya ciki. Har yau ban san ko a wace kasuwa aka tsayar da shi ba, ko kuwa bai ma kai kasuwa ba.

Daminar da ta biyo, sai na sa aka yaye ciyawar sauran ɗakunan aka baibaye na Baba Ndagi da nawa. Waɗanda aka yaye suka narke kafin kaka. Shekara ta zagayo, wani ɗan ayari ya biyo zai gangara Nupe. Baba Ndagi ya yi sallama a bakin ƙofata, ya durƙusa da ƙyar.

"Uwar gida, ba ki yi mini laifin komai ba. Ba wanda ke sayen sawaye a garin nan. Ina so in mutu inda akwai wanda zai haƙa mini kabari."

"Baba, ni fa?"

"Ki zo mu tafi, 'yata."

"In ya dawo, a ina zai same ni?"

Ya share ido da bakin rawani. Da safe ya share ɗakin tas, ya liƙe wata 'yar tsaga da ke jikin ƙofa, sannan ya bi jakai.

Na daɗe ina juya tatsuniyar Jatau a raina. Ina yarinya na ɗauka cewa take yi wanda ya kula da ɗaki, ya riƙe mutanensa, gidansa zai tsaya. Ashe ba ta taɓa faɗin haka ba. Abin da ke kashe gida ta hannun mai shi kaɗai ta gaya mana, don shi ne abin da mutum zai iya karewa. Shi Jatau yana da wanda zai nema ya roƙi gafara. Ni ban kori kowa ba, ban bar rariya a toshe ba, ga shi gidana ya zama irin nasa, ban kuma san ƙofar da zan je in durƙusa ba.

Yanzu ƙarfina ya tafi, ba na iya kwaɓa ƙasa. A tsakiyar ɗakin Baba Ndagi wani ɗan ɓaure ya tsiro. Bara waccan na tumɓuke shi, bara ma na tumɓuke shi. Bana ya kai ƙuguna, na tsaya na dube shi, na bar shi.