Mai Ƙi Shi Ke Kai: Dokar Baba Shekari

Baba Shekari Jatau ya yi shekara ashirin da shida a gaban injin saƙa a wata masaƙa da ke Kakuri, kuma abu biyu ya fito da su daga can: kunnen hagu da ba ya ji, da takardar kora. Takardar tana nan har yau a cikin leda, a aljihun gaban rigarsa. Mista Wilfred, manajan ma'aikata na lokacin, shi ya sa mata hannu bayan wani yajin aiki da Baba ya ja gaba a zamanin soja. Saboda kunnen nan, Baba ba ya magana sai da ƙarfi. Mutane kan ce in ya gaishe ka a Makera, daga can unguwar Television ake amsa masa.

Da aka kore shi sai ya kafa rumfa a bakin titi yana gyaran risho da fitilar ƙwai. A nan na san shi, a tsakiyar 1998, lokacin da na gama bautar ƙasa na dawo gida ba aiki. Na kai masa rishon mamata, ya tambaye ni abin da na karanta a jami'a, na ce kimiyyar siyasa.

"To kin karanta mu a littafi," in ji shi. "Zo ran Lahadi bayan coci ki gan mu da idonki."

Waɗanda na je na gani su ne reshen Makera na Jam'iyyar Masu Gumi, jam'iyyar gurguzu wadda ba ta taɓa samun rajista ba. Mutum goma ne a kan benci biyu, na zama ta sha ɗaya. A ranar suka naɗa ni sakatare saboda rubutuna yana karantuwa.

Tsarinsu kuwa ya fi yawansu. Mutum uku ko huɗu da ke layi ɗaya ko aiki ɗaya su ne "murhu". Murhu uku ke yin reshe. Reshe na tura wakili zuwa jiha, jiha ta tura zuwa hedikwata a Legas, wadda babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, sai dai wasiƙunta da ke zuwa a hannun wani direban babbar bas. Babu shugaba na dindindin. Kowane mako wani ne ke jan taro, kuma ba ya kaɗa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. An hana cewa Oga, an hana cewa Ranka ya daɗe, an hana ma cewa Baba. Kowa kwamared ne. Amma bakin wa zai iya kiran dattijo mai furfura da sunansa tsirara? Sai aka daidaita a kan "Kwamared Baba", shi kuma ya riƙa juyo mana kunnen hagu.

Babbar dokar jam'iyya ita ce a yi gardama iya son rai, a kaɗa ƙuri'a, sa'annan kowa ya bi abin da rinjaye ya yanke kamar daga bakinsa ya fito. Baba ya ga wannan bai isa ba. A masaƙa ya ga yadda waɗanda aka kayar a taro ke komawa wurin cin abinci suna zagin shawara a bayan fage har ta mutu. Don haka ya sa reshe ya ƙara tasa dokar, wadda aka rubuta da jan biro a bangon littafin taro: mai ƙi shi ke kai. Wato duk wanda ya fi kowa ƙin wata shawara, in aka kayar da shi, shi ne zai ɗauki lasifikar hannu ya sanar da jama'a, ba ƙari, ba ragi, ba yatsine fuska. Wanda ya ƙi kaiwa ya kori kansa.

Dokar ta ci mutane da dama. Mama Judith mai tuyar ƙosai ta taɓa yin rantsuwa cewa ba za ta shiga aikin kwashe kwata ba, tunda ba ita ta cika ta ba. Ran Asabar sai ga ta da lasifika tana kiran mutane su fito da shebur. Baba yana biye da ita yana saurare da kunnen dama, ko za ta saki wata kalma.

"Kwamared Baba," in ji ta da suka dawo, "Allah ya kai mu ranar da taka za ta zo."

"Amin," in ji shi. "Ranar za ki ga yadda ake yi."

Ranar ta zo a watan Nuwamba. Soja sun ce za su miƙa mulki, za a fara da zaɓen ƙananan hukumomi. Wasiƙa ta zo daga Legas cewa tunda ba mu da rajista, kowane reshe ya duba ɗan takarar da ya fi kusa da ma'aikata ya mara masa baya. 'Yan takarar kansila biyu ne a mazaɓarmu: wani dillalin filaye da ba ya gaishe da kowa, da kuma Mista Wilfred, wanda ya bar masaƙa, ya sayi babbar riga, ya fara zuwa jana'izar mutanen da bai sani ba.

An yi awa uku ana gardama. Nicholas mai walda ya ce Wilfred aƙalla ya san ma'aikata.

"Ya san su mana," in ji Baba. "Mahauci ma ya san akuya."

Ya ciro takardar korarsa ya karanta mana ita tun daga adireshi har sa hannu. Ya ce kada mu mara wa kowa baya. Nicholas ya ce wanda bai shiga kasuwa ba ba ya taya kaya, kuma Wilfred ya yi alkawarin rijiyar burtsatse. Aka ɗaga hannu: biyar da biyar.

Makon nan ni ke jan taro. Duk suka juyo suna kallona. Na yi musu bayani mai tsawo a kan haɗin gwiwa na wucin gadi, da kalmomin da na ci jarrabawa da su. Abin da ban faɗa ba shi ne, kwana huɗu kafin nan na kai wa Mista Wilfred takardun makarantata ina neman aiki, ya ce zai duba. Na ɗaga hannu tare da su Nicholas. Shida da biyar.

Ba wanda ya dubi jan rubutun da ke bangon littafin. Nicholas ma ya yi gyaran murya ya ce shi zai iya kai sanarwar, tunda yana da babur.

"Kai ka ƙi?" in ji Baba. Ya miƙa hannu ya ɗauko lasifikar daga ƙusar da aka rataye ta.

Matarsa, Mama Deborah, ba 'yar jam'iyya ba ce. Takan kira mu jam'iyyar benci. Washegari da na je gidansu da nufin in roƙe shi ya bari, na tarar tana tsaye a kansa yana sa wa lasifika batir.

"Baban Caleb, mutumin da ya sa muka ci tuwo ba miya shekara biyu? Shi za ka yi wa talla?"

"Ba talla ba ce. Sanarwa ce."

"Ka ce ba ka da lafiya mana."

"Lafiyata ƙalau."

"To ka fita daga jam'iyyar! Me suka taɓa ba ka, in ban da ciwon baya?"

Ya ɗago ya dube ta, ya dube ni. "Na sa Judith ta kai tata. Na sa Matthew ya kai tasa, ran da ɗansa ke asibiti. In tawa ta zo na gudu, ashe shekara biyar zalunci na yi ta yi musu ke nan."

Mako biyu ya yi yana zagaye a kan kekensa: layukan Makera, bakin kasuwa, ƙofar masaƙu a lokacin canjin aiki. Maganarsa ɗaya ce, ba ya canja ko kalma: "Jam'iyyar Masu Gumi, reshen Makera, ta yanke shawara jama'a su zaɓi Wilfred kansila."

Tsofaffin abokan aikinsa suka yi ta tare shi.

"Kai Shekari! Ba shi ya kore ka ba?"

"Shi ne."

"To ya ba ka buhun shinkafa ne?"

"Bai ba ni ba."

"To me ya faru?"

"An yi ƙuri'a."

Abin da babu wanda ya hango a cikinmu shi ne yadda mutane za su fassara wannan. A Makera an san Baba da cewa in rishonka ya mutu zai ce maka ya mutu, ba zai karɓe shi ya ajiye ba. Sai aka fara cewa, in har Shekari da kansa ya tsaya wa Wilfred, to lallai mutumin ya tuba. Wani fasto ya yi wa'azi guda a kan gafara, ya ba da misali da shi. Baba ya jira shi a ƙofar coci ya ce masa da muryar nan tasa, "Fasto, ban yafe ba. Doka ce." Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce wannan tawali'u ne.

Wilfred ya ci zaɓe da ƙyar. Ko shi bai musa cewa lasifikar Baba ce ta tsallakar da shi ba. Ya aiko masa da kalanda mai hotonsa.

An rantsar da su da faɗuwar damina. Rijiya ba ta zo ba, takarduna ma ba a duba ba. Abin da ya zo shi ne kwamitin ƙawata titi, kansila na shugabanta, Nicholas na riƙe masa jaka. Suka bi rumfunan bakin hanya suna shafa musu jan fenti. Ranar wata Talata da hantsi motar rusau ta iso. Ina tsaye a tsallaken titi na ga ta ɗaga rumfar Baba kamar kwandon kaji. Ta Mama Judith ta biyo baya, kaskon da man duka. Wata mai sayar da tumatir ta zauna a ƙasa cikin kayanta tana kiran sunan Baba, ba na kansila ba.

Baba ya shiga cikin baraguzan ya fito da benci ɗaya, da littafin taro, da lasifika.

Ran Lahadi aka yi taro a wurin, a fili, mu takwas. Mama Judith ke ja. Akwai wani sashe a ƙarshen kowane taro da ake kira sukar kai, inda mutum ke tashi ya faɗi laifinsa. Yawanci makara ce ko gyangyaɗi. Baba ya miƙe.

"Na ɗauki amanar da talakawa suka ba ni na kai su ga mahauci," in ji shi. "Ba jam'iyya suka ji ba, ni suka ji. Ina kawo ƙudurin a kori Kwamared Shekari Jatau."

Na tashi. Na ce ni ce na raba gardamar, na kuma faɗi maganar takarduna da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

"Kwamared Sakatare, wannan na mako mai zuwa ne," in ji shi. "Ƙudurina ne a gabanmu. Zauna ki rubuta."

Ya yi kusan awa guda yana gabatar da ƙarar kansa, kuma ban taɓa jin lauyan da ya kai shi ba. Matthew ya ce ai doka ya bi. Baba ya ce wa ya kawo dokar? Matthew ya ce to a soke dokar. Baba ya ce dokar ba ta da laifi, da babu ita da tuni reshen ya watse. Aka rasa ta inda za a kama shi. Mama Judith ta ce rana na faɗuwa, a ɗaga hannu. Masu son a kore shi: hannu ɗaya, nasa. Masu son ya zauna: shida.

"Ku sake tunani," in ji Baba. "Wannan son zuciya ne. Na ƙi wannan shawara, a rubuta na ƙi."

"An rubuta," in ji Mama Judith. Ta sunkuya ta ɗauko lasifikar daga ƙarƙashin benci, ta goge mata ƙura da bakin zaninta, ta miƙa masa. "Kwamared Baba, mai ƙi shi ke kai."

Ya daɗe yana kallonta. Sa'annan ya karɓa.

Washegari da safe na bi shi a baya da littafin a hannuna, don doka ta ce sai da shaida. Ya bi layin da aka rushe tun daga farkonsa, inda mata suka shimfiɗa buhuna a ƙasa suka kasa kayansu. Batir ya mutu tun a kwanar titi ta biyu, amma bai lura ba, kuma babu wanda ya rasa jin sa.

"Jam'iyyar Masu Gumi, reshen Makera, ta yanke shawara Kwamared Shekari bai cancanci kora ba. Yana nan a jam'iyya."

Mai tumatir ɗin nan ta ɗago kai. "To sai me? Mu ci jam'iyyar?"

"Ban zo gardama ba, 'yata. Sanarwa ce."

"Kai ka yarda da ita?"

"An yi ƙuri'a," in ji shi, ya tura kekensa gaba.

Da muka kai ƙarshen layi ya tsaya ya karɓi littafin ya duba abin da na rubuta jiya. Ya sa yatsa a kan wani wuri.

"Kin rubuta 'da gagarumin rinjaye'. Goge. Rubuta shida da ɗaya." Ya miƙo mini. "Kuma ki shirya. Ran Lahadi taki ce."